Kanwar da Na Ba Dokin Kakana

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma sha huɗu, na ba doki kanwa da safiyar ranar da zan hau shi. Ba ɗan gutsure ba, dunƙule guda kamar kan jariri. To, in rage, kamar dunƙulen hannuna. Na kuma hana shi ruwa. Na san duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure doki ya riga ya fara dariya. Ku yi abarku. Sauran ku bari in ba ku labarin daga farko, don na gaji da jin sa a bakin mutanen da ko jaki ba su taɓa hawa ba.

A ƙauyenmu, nan kusa da Ruwan Godiya, in an gama girbi an zuba dawa a rumbu, akan yi wasan farauta a kan dawaki. Manya sun ce da can farautar gaske ake fita, a kwana biyu a daji. Tun da daji ya daina shiguwa sai maharba suka dawo da ita filin bayan gari, ta zama abin kallo. Akan ɗinke fatar akuya a cusa mata ƙaiƙayi, a kafa mata ƙahon itace, ita ce barewa. Mutum ɗaya ya ɗaure ta da doguwar igiya ya ja ta a guje a kan dokinsa, ya zagaya fili sau uku, mahaya su bi shi da kere, sandan nan mai lanƙwasasshen kai da maharba ke jifa da shi. Kowa kere uku, kuma jifa sai daga kan doki. Ranar sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Mutanen Mabai su zo, na Damari su zo, ga masu rake, ga masu awara, ga mahaya an sha 'yar shara da warkin fata da layu har wuya, kai ka ce daga cikin tatsuniya aka zazzago su.

Kowane gidan maharba yana da launin da yake shafa wa kan kerensa, don in an gama a duba fatar a san wanda ya samu. Wasu jar ƙasa, wasu farar ƙasa, wasu gawayi. Namu shuni ne. Kowane gida kuma yana da takensa, kiɗan da in makaɗi ya buga kowa ya san da gidan wane ake. Ka'idar ita ce, gidan da ya yi shekara uku a jere launinsa bai hau barewa ba, makaɗi zai ajiye takensa, ba za a sake jin sa a fili ba.

Mu kuwa mun riga mun yi biyu.

Kakana ne mahayin gidanmu, shi kuwa gwiwarsa ta ƙi, ko masallaci sai da sanda. Mahaifina direba ne a Funtuwa, ya ce shi duk abin da ba shi da birki ba ya hawa. Sauran maza a gidan ni ne babba. Taken nan kuma tun kakan kakana ake buga shi, tun gidanmu ba su fara salla ba. Kakana bai taɓa cewa abin yana damunsa ba. Amma na sha ganinsa zaune gindin rumbu yana buga taken da yatsu a kan gwiwar da ta hana shi hawa, da ya ji motsina sai ya yi kamar ƙuda yake kora.

Abin da ya tunzura ni shi ne wani ƙaton saurayi na gidan masu gawayi. Dawakinsu uku, kowanne kamar an shafa masa mai. Ya tare ni a bakin masallaci gaban abokaina ya ce in gaishe da tsoho, in gaya masa kada ya damu, taken ba zai lalace ba, in an ajiye shi zai roƙi makaɗi ya mayar masa da shi nasa, don yana da daɗin sukuwa. Na ce masa bana akwai mahayi a gidanmu. Ya dube ni sama da ƙasa, wanda bai ɗauke shi lokaci ba don ba ni da tsawo, ya ce to zai aiko mani da jaki da tsani.

Ko gida ban shiga da sallama ba. Na tsaya kan kakana na ce ni zan hau.

"Kai wa?"

"Ni ɗin nan, Baba Tsoho."

"Kai da ɗan akuya ya kayar bara?"

Na ce wancan ɗan akuyan ta baya ya zo. Ya kalle ni, sannan ya ce in ɗauko sirdi. Mahaifiyata kuwa ta ce ba da yawunta ba, in na karye kada a kawo mata ni, a wuce da ni wajen mai ɗori kai tsaye, ita tana da aiki. Ita ce kuma ta dama shunin da hannunta, ta sa masa ƙaro don ya kama itace sosai.

Dokin kakana kili ne, fari mai ratsin toka, Kilin ma muke ce masa, ya kuma girme ni. Yana da hankali fiye da rabin mutanen unguwarmu, shi ya sa ba ya gudu sai ya ga dalili. Mako biyu muka yi muna koyo a bayan gida. Kakana ya zauna kan turmi yana ba da umarni, abokina ya ja kabewa da igiya a ƙasa, ni ina jifa. A mako na farko na sami tulun mahaifiyata, na sami zakaran maƙwabta, na sami abokina sau biyu. Kabewar ce kaɗai ta fita lafiya. A mako na biyu na fara samunta jefi-jefi, har kakana ya daina rufe ido in na ɗaga hannu.

Abincin doki kuwa kakana bai taɓa bar wa kowa ba, sai ranar wasan. Da sassafe aka zo aka ɗauke shi a babur zuwa zaman dattawan maharba, yana fita yana ce mani harawa da ruwa, harawa da ruwa, kada in ƙara kada in rage. Bai daɗe da fita ba sai ga abokina da labari. Ya ce ya leƙa gidan masu gawayi kwanaki ya ga ana ba dawakinsu kanwa, shi ne sirrin ƙarfinsu. Ya kuma ce dokin da ya cika ciki da ruwa ba ya gudu, ko 'yan ƙwallo ba sa shan ruwa kafin wasa. Abokin nan nawa ko kaza ba a kiwo a gidansu, amma ya yi maganar da irin muryar likitan dabbobi. Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, ita kanwa kaɗan ake bayarwa, kwanaki kafin hawa, a bar doki ya sha ruwa ya ƙoshi ya huta, don ƙishirwa take sawa kamar an kunna wuta a ciki. Na shiga madafin mahaifiyata na ɗauko kanwar da take tuwo da ita, na daka, na kwaɓa da dusa. Kili ya lashe kwanon tas. Na ɗauke bokitin ruwan na ɓoye bayan rumbu, ina jin kaina wani gwani.

Bayan la'asar aka fara. Makaɗi yana buga take ɗaya bayan ɗaya, kowane mahayi ya fito ya ɗaga kere ya yi kirari. Da aka zo kan namu, makaɗin, wanda sa'an kakana ne, ya ja shi a hankali kamar mai ban kwana. Na fito cikin 'yar sharar kakana da ta kai mani gwiwa, hularsa ta rufe mani kunne, layu sun yi mani nauyi kamar an rataya mani buhun gishiri. Kirarin da na kwana uku ina haddacewa ya gudu ya bar ni, abin da ya fito daga bakina wani ƙara ne irin na ɗan tsako. Fili ya ɗauki dariya. Na hango kakana cikin dattawa a gindin tsamiya, bai yi dariya ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

Aka saki barewa. Jama'a, ranar Kili ya yi gudun da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya wuce na Mabai, ya wuce na Damari, ya wuce ƙaton gidan gawayi har na samu damar juyawa na yi masa gwalo. A raina na ce lallai abokina malami ne. Barewa tana gabana, na zaro kere, na ɗaga hannu. Mai ja ya karya kwana zuwa hagu, duk dawaki suka bi shi hagu. Kili ya miƙe sak.

A ƙarshen filin akwai kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, ruwan damina bai gama ƙafewa ba, ya yi kore, agwagi ma sai sun yi shawara kafin su shiga. Ashe tun da aka saki barewa ba ita Kili yake bi ba. Na ja linzami, na roƙe shi, na haɗa shi da girman kakana. Ya faɗa ruwan har gwiwa, ya tsaya cak, ya duƙar da kai. Ni ban tsaya ba. Na bi ta kan wuyansa na tashi sama, ina jin har na hango Funtuwa, na sauka da ka cikin taɓo.

Da na ɗago, abin da na fara ji shi ne dariya, irin wadda mutane ke riƙe juna don kada su faɗi. Hula ta tafi. Kere biyu sun nutse, har yau suna can. Na uku yana soke a ɗamarata. Kili kuwa yana zuƙar ruwa kamar injin ban ruwa, ko kallona bai yi ba. Wasu samari suka taho bakin kududdufin suna cewa in miƙo hannu su fitar da ni, wasa ya ƙare. Abokina yana cikinsu, yana ta ce mani in fito kawai, badi ma rana ce.

Na ce babu inda za ni. Ba na jin jarumtaka ce, haushi ne. Na tuna ƙaton nan yana sukuwa da kiɗan gidanmu, kakana yana zaune yana ji. Na ce ko kada ne a ruwan nan sai dai mu zauna tare. Na dafa sirdi, da yake dokin ya nutse har gwiwa hawan bai yi wuya ba, na koma kai. Barewa ta wuce zagaye na biyu ina zaune a kan doki a tsakiyar ruwa kamar mai jiran kwalekwale. Sai da Kili ya sha ya ƙoshi, cikinsa ya zama randa, sannan ya yarda ya tako waje. Farin doki ya koma baƙi har ƙirji. Na dunguri cikinsa don ya bi sauran, ya yi taku huɗu ya tsaya daidai bakin hanyar da ake jan barewa, ya yi atishawa, ya nuna mani shi ya gama aikin yau.

Ga zagaye na ƙarshe ya taho. Na zaro keren da ya rage, na auna, na sake shi. Ya sami barewa a haƙarƙari, har ta yi tsalle. Yadda jifar ta kasance zan dawo kanta.

Aka kai fatar gindin tsamiya gaban Sarkin maharba, aka shimfiɗa, mahaya suka kewaye. Na sauko na kutsa, mutane suna buɗe mani hanya da sauri, ba don girma ba, don wari. Aka ga jar ƙasa, aka ga farar ƙasa, aka ga gawayi wuri biyu. Shuni babu ko ɗigo. Ruwan kududdufi ya wanke aikin mahaifiyata tas. Abin da ke haƙarƙarin barewa wani baƙin tabo ne shimfiɗeɗe, ƙaton gidan gawayi kuwa ya ɗora yatsa a kai ya ce nasa ne, na uku ke nan, kowa ya san baƙi launin gidansu ne.

Na ce ƙarya ne, nawa ne.

Wani dattijo ya ce in iya bakina, gaban manya nake. Wani ya ce ko da nawa ne, ka'ida launin gida ta ce, gidanmu kuwa shuni ne, a duba a gani ko akwai shuni. Wani kuma ya ce ai dokina a tsaye yake, wannan ba farauta ba ce, jiran mota ne. Aka sake fashewa da dariya. Aka ce in je gida in yi wanka. Maimakon haka sai na zauna daɓas a kan fatar, da taɓona da komai, na ce ba mai ɗaga ta sai an duba tabon nan da kyau.

Na ɗaga kai na dubi Sarkin maharba na ce, "Baba, a shinshina."

"A yi mi?"

"A shinshina tabon. In gawayi ne, na tashi, a ba ƙaton nan taken."

Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Kakana ne ya taso, yana jan ƙafa, ya zo ya tsaya kusa da ni. Bai dube ni ba. Ya dubi mai maganar jiran mota.

"Malam, kai ka taɓa kashe barewa ta gaske?"

Mutumin ya ce a'a.

"Ni na kashe. Sarki ya kashe. Sarki, ina muke tare ta in ba bakin ruwa ba? Wa ya taɓa cim mata da gudu?"

Na ga gemun Sarkin maharba yana motsi. Ya ce in matsa. Ya durƙusa da kyar, ya dangwali tabon da yatsa, ya murza, ya kai hanci. Fuskarsa ta tattare kamar ya tauna ɗanyen maɗaci. Ya miƙa wa ƙaton yatsan ya ce shi ma ya ji. Ƙaton ya kau da kai.

"Wanga ba gawayi ba ne," in ji Sarki. "Kuma duk filin ga mutum ɗaya ya shiga kududdufi."

Ya ce launi dai an sa shi ne don a san hannun da ya yi jifa, yau kuwa ko makaho ya san hannun. Bai rufe baki ba makaɗi ya saki taken gidanmu, wannan karon da ƙarfi, har da tsalle, tsoho da shi. Kakana ya ɗaga sandarsa sama ya yi kirarin da ni na kasa, bai tsallake kalma ɗaya ba. Ni ina tsaye ruwa yana ɗiga daga layu.

Muka kama hanyar gida ni da kakana har muka kusa ƙofa. Ya tsaya ya dubi cikin Kili, ya dube ni.

"Mi ka ba shi?"

Na faɗa masa. Ya ce nawa. Na nuna da hannu, na ɗan rage. Ya ce da jikan wani ne da ya ce a kai shi a duba kansa, amma tunda nasa ne ya san inda ya gado. Mahaifiyata kuwa ba ta bar ni na wuce zaure ba sai da na yi wanka sau uku, tana daga ciki tana tambayar wanda ya kwashe mata kanwa.

Har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya kira ni Sarkin Kududdufi. Da farko nakan yi faɗa, yanzu ɗaga hannu nake in amsa, don sarauta ce da ba wanda ya ba ni, da kaina na faɗa cikinta. Abin da na riƙe daga ranar ba shi da yawa. Na daina karɓar shawarar kiwo daga wanda ba ya kiwo. Na kuma gane cewa dariyar mutane ba ta fitar da kowa daga fili, sai in shi ya ga dama ya fita. Duk wanda ya yi mani dariya ranar yana da gaskiya, abin dariya ne, ni ma da wani ne da na fi kowa. Amma da na miƙa hannu aka jawo ni, da yanzu wani ƙato yana sukuwa da kiɗan kakan kakana. Saboda haka ban ba kowa haƙuri ba sai Kili, kuma ba zan bayar ba.

Saura maganar jifa. Na sha gaya wa 'yan ajinmu cewa daga nisan taku arba'in na sake keren, barewa tana gudu kamar iska. Ba haka aka yi ba. Mai jan barewar da ya iso kusa ya gan ni baƙi ƙirin a kan doki, ido kawai ke haske, dariya ta ci ƙarfinsa har ya kwanta a wuyan dokinsa, dokin ya koma tafiya. Barewar ta zo ta gaban hancin Kili a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, ni kuma na sake mata kere daga sama. Masu gawayi ne suka ci wasan, aka ba su rago. Kili ya kwana biyu yana zawo, ni na kwashe. Bara ma na hau, da shuni na samu, kuma an buga takenmu. Kanwar gidan yanzu a ɗakin kakana take, cikin akwati mai kwaɗo.